Tantance tsoffin sulalla a PCGS da NGC: hidimar da ta fi amfani idan mai sayarwa yaro ne

An kafa kamfanin PCGS a 1986, kamfanin NGC kuma a 1987, dukkansu a Amurka, kuma aikinsu iri ɗaya ne. Za ka aika musu kwandala, ƙwararru su duba ko ta gaske ce, su ba ta maki a kan ma'aunin Sheldon daga 1 zuwa 70, inda 70 ke nufin marar aibi ko kaɗan, sannan su rufe ta cikin kwanson roba mai ɗauke da lamba. Ba su ne za su saye ta a hannunka ba, don haka rage mata daraja ba zai ƙare su da komai ba. Galibi ana kai musu kaya ne don a sayar da tsada. Amma akwai wurin da hidimar ta fi haka muhimmanci: lokacin da yaro ya shigo wurin dillali da gwangwanin sulallan kakansa.

A ce a cikin gwangwanin akwai 'yar senti goma ta 1916 mai harafin D a bayanta, alamar gidan buga kuɗi na Denver. Guda 264,000 kacal aka buga, kuma ko ta sha hannu ana sayenta da ɗaruruwan daloli. Yaron bai san haka ba, abin da zai nema bai wuce kuɗin abin wasa ba. Nan ne wasu ke cewa ai shi ya yanka farashinsa da bakinsa. Wannan hujja tana iya tsayawa tsakanin dillalai biyu, kowa da iliminsa, wanda ya yi sake ya kuka da kansa. Yaro kuwa tambaya ya zo yi, ko da bai furta ba, kuma shirun wanda ya san amsa ha'inci ne. Doka ma ba ta tare da mai sayen. A Amurka yarjejeniyar da aka ƙulla da ƙaramin yaro ana iya warware ta daga ɓangarensa, kuma sau da yawa kwandalar ba tasa ba ce, ɗauko ta ya yi ba da sanin gida ba.

Kafin a kai ga batun aikawa, akwai abin da ake gane wa a kan kanta cikin minti biyar, da sikeli mai auna 0.01 na giram, da maganaɗisu, da madubi mai ƙara girma sau goma. 'Yar senti ashirin da biyar ta 1964 zuwa baya kashi 90 cikin ɗari azurfa ce, nauyinta giram 6.25, ta bayan nan kuwa 5.67, kuma a gefenta ana ganin jan layin tagulla. 'Yar senti goma ta azurfa giram 2.50 ce, sabuwar 2.27. Sentin 1943 da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya aka yi shi saboda yaƙi ya cinye tagulla, nauyinsa 2.70, maganaɗisu na kama shi. Idan ka ga ja na wannan shekarar, mai giram 3.11, wanda maganaɗisu bai kama ba, to ka dakata da duk wani ciniki, domin 'yan ƙalilan da aka buga da tagulla bisa kuskure suna cikin mafiya tsadar sulallan ƙasar.

Sai dai kanta tana da iyaka, kuma a nan dillali yana da gaskiyarsa. Ana manna harafin D a kan kwandalar 1916 ta gama-gari. Ana kankare gefen 8 na sentin 1948 ya koma kamar 3, don a ce jan sentin 1943 ne. Sentin 1909 mai harafin S na San Francisco da haruffan VDB na sunan mai zanensa, wanda aka buga 484,000, shi ma an cika yin jabunsa. Wanda ya biya kuɗi masu kauri a kan jabu shi zai yi asara, kuma da wannan haɗarin ake fakewa a taya da arha. Hidimar tantancewa ta rushe wannan uzurin, domin kamfanonin biyu suna ba da lamunin sahihancin abin da suka rufe.

Yadda ya kamata a bi da lamarin ba shi da wuya. Kada kuɗi su shiga hannun yaro, kada kwandalar ta kwana a shago ba tare da babba ba. A faɗa masa a sarari cewa wannan tana iya yin daraja, ya dawo da mahaifi ko waliyyinsa. Idan sun zo, a ɗauki hoton fuska da baya, a rubuta nauyi a rasit, kowa ya sa hannu. Daga nan zaɓi nasu ne: su aika da kansu, ko dillali mai rajista da kamfanin ya aika a madadinsu, ko a yi yarjejeniyar sayar musu a kan la'adar da aka rubuta tun farko. Riba halal ce ga dillali, yana da haya da jarin da zai kwanta, amma ya faɗi farashin da yake sa ran sayarwa da wanda zai biya, su ga tazarar da idonsu.

Wajen aikawa, ana sa kowace kwandala cikin 'yar jakar roba marar sinadarin PVC, saboda mai PVC tana barin kore mai danƙo da ke cin fuskar ƙarfe. Ana rubuta ƙimar da ake zato a fom, ita ce ke nuna rukunin kuɗin aiki da inshorar dawowa. Kada a rage ta don tsimi. Idan ƙunshin ya ɓata, abin da ka rubuta shi ne iyakar abin da za ka nema.

Aibin hidimar ba ɓoyayye ba ne. Sai ka biya kuɗin zama mamba ko ka bi ta hannun dillali, ga kuɗin tantancewa, ga na aikawa da dawowa, kuma rukuni mai sauƙin kuɗi yakan ɗauki makonni. Makin ma hukuncin ido ne: kwandala ɗaya tana iya samun 63 yau, a fasa kwanson a sake turawa ta sami 64, alhali maki ɗayan nan yana iya sauya farashi sosai. Abin da ya fi baƙanta rai shi ne kwandalar da aka goge. Iyaye da sun ji tana da daraja sai su ɗauko man goge ƙarfe don ta yi ƙyalli, gogewar kuma tana barin siraran layuka da madubi ke tonawa. Irin wannan ba ta samun cikakken maki, sai a rubuta mata "Details" tare da aibinta, farashinta ya faɗi. Don haka gargaɗin farko ga yaro da iyayensa shi ne kada a wanke, kada a goge, a riƙe ta ta gefe.

Yawancin abin da ke cikin gwangwani bai cancanci aikawa ba. Sulallan azurfa na gama-gari lissafinsu a fili yake: duk abin da ya haɗa dala ɗaya a 'yan senti goma, ashirin da biyar ko hamsin na kafin 1965 yana ɗauke da kimanin oza 0.715 na azurfa, kowace oza giram 31.1. A ninka da farashin azurfa na ranar a gaban iyayen, a cire ribar da aka bayyana. Kwandalar da ta dawo daga tantancewa kuma, a shigar da lambarta a shafin kamfanin a gabansu, domin kwanson kansa ana yin jabunsa, kuma duk wanda za su kai wa nan gaba abin da zai fara dubawa ke nan.