Wata shida da kamarar da ke gadin Hajiya

A azumin bara Hajiyarmu ta zame tana ƙoƙarin tashi daga bakin gado. Ta fi awa biyu a ƙasa kafin jikarta ta dawo daga islamiyya ta same ta. Allah ya taƙaita babu karaya, amma ƙugun ya daɗe yana damunta. Ni ina aure a Kaduna, ita tana Zariya, kuma wanda ya san Hajiya ya san ba mai raba ta da ɗakinta. Sai Yaya da ke Ingila ya aiko da wata kamara da aka ce tana gane faɗuwar mutum ta turo saƙo a waya. Da na nuna shakka, ya tura mini alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya: mutum kusan 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi ci. Na yi shiru.

Da ƙyar Hajiya ta yarda. "Ni da tsufana za ku riƙa leƙena?" Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne da ta ga wayar da idonta, babu fuskarta, babu jikinta. Na'urar tana ɗora ɗigo a kan gaɓoɓi, kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu da gwiwa da idon sawu, ta haɗa su da layi, sai ka ga wani mutum-mutumi irin wanda yara ke zanawa da tsinke a ƙasa. Ɗigo 17 aka fi amfani da su a wannan fasaha, wadda ta yi suna tun 2017 da masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka fitar da manhajar OpenPose. Da waɗannan ɗigon take auna saurin da ƙugu ya yi ƙasa, da ko gangar jiki ta koma kwance, da tsawon lokacin da mutum ya ɗauka bai motsa ba. A nan na yaba mata.

Daren farko kuwa, ƙarfe uku da 'yan mintoci, waya ta ɗauki ƙara. Na tashi jiki na ɓari, na kira jikar, ta ruga ɗakin, ashe Hajiya nafila take yi, ta daɗe a sujada. Haka muka yi ta yi sati guda. Hajiya da abin ya ishe ta ta ce, "Wai wannan na'urar taku ba ta musulunta ba ne?"

Dariya muka yi, amma maganarta na kan hanya. Ga dukkan alamu an koya wa na'urar aiki ne da bidiyon mutanen da ke zama a kujera su kwanta a gado, wanda ganin su a ƙasa alamar matsala ce. Tsohuwar Bahaushiya kuwa a ƙasa take rayuwarta: nan take salla, nan take cin tuwo, nan take kishingiɗa a tabarma bayan azahar. Ga kuma hijabi har ƙasa da ke rufe gwiwa da sawu, sai ka ga ɗigon suna rawa, ƙafa ta ɓace ta dawo. Manhajar ta ba da damar zana wurin da ba a son ta kula da shi, na zagaye wurin dardumar, ƙarar banza ta ragu sosai. Sai dai gyaran nan yana cina a rai, domin daidai lokacin miƙewa daga zaman tahiya ne jiri ke ɗibar tsofaffi, kuma nan ne na rufe mata ido da hannuna.

Sau ɗaya ta yi aikin da aka saye ta dominsa. Da sanyin hunturu Hajiya ta sunkuya ɗaukar buta a bakin ƙofa, ƙafa ta goce. Kafin minti ɗaya saƙo ya shigo, na ga ɗan zanen nan kwance ba motsi. Na kira maƙwabciyarta, cikin minti biyar ta ɗaga ta. Ran nan na daina yi wa Yaya ƙorafin kuɗin da ya kashe.

Sauran matsalolin namu ne na gida. In an ɗauke wuta ko intanet ya tsaya, ta zama kwalliyar bango, sai da muka haɗa ta da batirin sola. Banɗaki kuma, inda santsi ya fi yawa, ba mai hankalin da zai kafa kamara a can. Ƙarfen dafawa da shimfiɗar roba muka sa. Yaya ya kawo zancen Apple Watch, mai gane faɗuwa tun 2018, na ce wadda ke cire zobe lokacin alwala ta manta da shi kwana uku ba za ta riƙe agogo ba.

Wanda tsohonsa ke yini shi kaɗai a ɗaki, kuma akwai maƙwabcin da zai amsa waya ya ruga, ya saya. In babu mai rugawa, saƙon zai zo ne kawai ya same ka a Kaduna kana kallon zane a kwance. Mu dai yanzu jikar ta dawo kwana ɗakin Hajiya, kamarar kuma tana riƙe mana tsakanin la'asar da magariba.