70-200, 55-250 ko 85? Amsa ga mai neman lensi ɗaya na ƙwallo da hoton yara

Wani ƙanenmu a zauren nan ya yi tambaya shekaranjiya, na ga amsoshin sai karo suke da juna, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tawa a tsanake. Ya ce kyamarar Canon 700D gare shi, da ɗan lensin da ta zo da shi, 18-55. Yana ɗaukar wasan ƙungiyar unguwarsu da yamma, sannan iyaye sun fara kiransa hoton yara, na suna, na Sallah, na walimar sauka. Yana son lensi ɗaya mai zuƙo nesa da zai yi masa aikin biyu. Wani ya ce 70-200, wani ya ce ya sayi 75-300 tunda ya fi araha kuma ya fi tsawo, wani kuma ya rantse da 85mm f/1.8.

Ƙanena, ka fara sanin halin kyamararka. Sensar 700D, wato farantin da ke kama hoto a cikinta, ƙarama ce, don haka duk lambar mm ta zuƙo nesa da ka gani a jikin lensi ka ninka ta sau 1.6. Wato 200 zai yi maka aikin 320, shi kuwa 85 zai koma 136. A fili wannan garaɓasa ce. A cikin ɗaki kuwa takura ce, zan zo kanta.

Cikakken fili irin na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda Pillars ke wasa, tsawonsa wajen mita 105 ne, faɗinsa 68. In kana tsaye a bakin layi, ɗan wasa yana nesa da kai da mita 30, a 200mm zai kusa cika maka hoto daga kai har takalmi. A 250mm kana iya samun haka har mita 40. A 85 kuwa, sulusin tsayin hoton kawai zai ci, sauran duk ƙasa ce da 'yan kallo. Shi ya sa ban ga 85 a harkar ƙwallo ba. Inda yake da rana shi ne wasan da ake yi a ɗan ƙaramin da'ira, kamar dambe ko kokawa, inda kana zaune kusa, hasken kuma ya yi ƙasa.

To amma tsawo ba shi ne babbar maganar ba, kuma nan ne masu cewa ka sayi 75-300 suka kuskure. Yaushe ake ƙwallo a Kano? Bayan la'asar. Ana take wasa wajen ƙarfe huɗu, na unguwa ma sau da yawa sai an kusa biyar kafin a gama gardamar wa zai tsaya gola. A watan Nuwamba da Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, ga hazo ya riga ya cinye rabin hasken tun kafin nan. Kenan zagaye na biyu, lokacin da wasa ya ɗau zafi ake zura ƙwallaye, a cikin haske mai mutuwa za ka ɗauke shi.

In kana so ɗan wasa ya tsaya cak a hoto, ƙafa a sama, ƙwallo ba ta yi jela ba, sai ƙiftawar kyamara ta kai 1/1000 na daƙiƙa. Ka sauko 1/500, jiki zai fito amma ƙafa da ƙwallo za su shafe. Kuma lambar f ita ke faɗa maka girman ƙofar da haske ke shiga: f/2.8 tana shigar da ninki huɗu na abin da f/5.6 ke shigarwa, f/4 tana tsakaninsu. Ga lissafin a aikace. A ce ƙarfe shida saura kwata, mai 70-200 f/2.8 yana ɗauka a 1/1000 da ISO 1600 (ISO shi ne ƙarfin jin haske na kyamara, kana ɗaga shi hoto yana ƙara tsaki). Mai 70-200 f/4 sai ya hau 3200. Kai mai f/5.6, irin na 75-300 in an zuƙe shi, sai ka kai 6400, kuma 700D a 6400 fuska takan fito da tsaki-tsaki kamar an watsa mata gari, launin riga ya dusashe. Wannan bambancin kake biya wa kuɗi a 70-200 f/2.8, ba farin fentin jikinsa ba.

Kada kuma mai shago ya ruɗe ka da IS. Aikinsa gyara rawar hannunka ne. Ɗan wasan da ke tsala gudu ba ruwan IS da shi.

Shi 75-300 ɗin nan na Canon, wanda ya cika gari a hannun masu sayar da na hannu, ni ba na ba kowa shawararsa. Ba shi da IS, kama hotonsa a hankali yake, kuma in ka zuƙe shi zuwa 300 hoton laushi yake yi. Ka ɗauki mai farar riga a rana za ka ga wani layi ruwan shuni-shuni a gefen kafaɗarsa. In aljihun nan ne ya matsa, EF-S 55-250 IS STM ya fi shi ta kowace fuska: ya fi kaifi, ya fi saurin kamawa, nauyinsa gram 375 ne kacal. Shi ma dai f/5.6 ne a ƙarshensa, ka san da wannan. Kuma na ƙaramar sensa ne kawai, ranar da Allah ya hore maka kyamara mai babbar sensa irin 6D ko 5D ba zai hau ba.

Yanzu yara. Nan fa 85 f/1.8 sarki ne, ba na musu. Sallar bara na ɗauki 'yar ƙanwata da shi a ƙofar gida da hantsi, ta ɗaga hannu tana nuna min lallenta. Jan lallen ya fito raɗau, kwallin idonta ya fito, bangon ƙasa da buhunan gawayin da ke bayanta duk suka narke suka zama launi kawai. Uwarta har yau shi ne a fuskar wayarta. Amma abin da ba a faɗa maka shi ne, kafin in samu wannan guda ɗaya na zubar da sun fi goma. A f/1.8, in yaro yana mita 2 daga gare ka, wurin da ke fitowa da kaifi bai wuce santimita 4 ba a irin kyamararka. Ya ɗan rusuno, ido ya tafi, kunne ya fito. In yara biyu ne, wa da ƙane, ɗaya zai fito ɗaya ya dusashe, sai ka rufe zuwa f/2.8 ko f/4. Ka ga ashe ka dawo inda 70-200 yake.

Sai takurar da na ambata. Don ka ɗauki yaro mai tsayin mita ɗaya gaba ɗayansa da 85 a 700D, sai ka ja baya wajen mita 5. Falo nawa ne a cikin gari zai ba ka wannan? Ranar suna, ɗaki cike da mata da kwanuka da turaren wuta, za ka ji bayanka ya bugi sif tun ba ka samu kan jaririn da hannun kakarsa a hoto ɗaya ba. Shi ma 70-200 bai tsira daga wannan ba, 70 ɗinsa 112 ne a wurinka. Lensin ɗaki a ƙaramar sensa shi ne 50mm f/1.8 STM, ɗan mitsitsi mai gram 160, wanda yake cikin mafi araha a lensin Canon. Yana yi maka aikin 80mm, daidai hoton fuska.

A tsakar gida ko fili kuwa, 70-200 yana da wata baiwa da 85 ba shi da ita. Yaro ba ya tsayawa. Yanzu yana gindin bishiya, kafin ka ɗaga kai ya iso gabanka, kai kuwa murɗawa kawai za ka yi ka bi shi. Ka koma gefe ka zauna, bayan minti biyar sun manta da kai, sun daina ƙamewar nan ta hoton fasfo da "a ɗauke ni, a ɗauke ni". Illarsa biyu. Mai f/2.8 ya kusa kilo ɗaya da rabi, wuni guda da shi a wuya sai ka nemi man zafi. Sannan ƙananan yara suna tsoronsa, na sha ganin ɗan shekara biyu ya hango shi ya shige bayan zanin uwarsa yana kuka. Mai f/4 rabin nauyin ne, bai kai gram 800 ba. Af, kuma dogon lensi ba lasisin ɗaukar 'ya'yan mutane daga nesa ba ne. Ka nemi izinin iyaye, musamman kafin ka sa a Facebook.

Ko wanne ka saya, ka sa kyamarar a AI Servo, wato tsarin da take bin abu mai motsi tana kama shi, ka zaɓi ɗigon tsakiya cikin ɗigon da take kama hoto da su. A cikin ɗigo 9 na 700D shi ya fi kaifin kamawa, kuma yana ƙara kaifi in lensin f/2.8 ne.

Akwai maganar ƙura, wadda Turawan da ke gwada lensi a YouTube ba su san zafinta ba. 55-250 da 75-300 suna miƙewa suna komawa in kana zuƙowa, wato suna shaƙar iska suna fitarwa, a filin da ba ciyawa kuwa iskar nan ƙasa ce. 70-200 na EF, wato wanda ke hawa kyamararka, tsawonsa ba ya canzawa, komai a ciki yake motsi, don haka ya fi jure hunturu. Duk da haka kada ka kwance lensi a bakin fili, kuma kada ka goge gilashi da bakin riga, ka fara hure shi da ɗan famfon roba.

Tunda na san na hannu za ka saya, ka je da kyamararka. Ka buɗe murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, ta fi yawa a kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin Legas, ka ajiye masa abinsa. Ni an taɓa yi min haka, na saya da daddare a hannun wani bisa amana, sai da gari ya waye na gani. Ka kuma sa yaron shago ya tako zuwa gare ka kana ɗauka a jere, ka duba nawa suka fito da kaifi.

In kuɗinka ya kai, ka sayi 70-200 f/2.8, ko da na Tamron ne G2, wanda ya fi na Canon sauƙin kuɗi. Shi kaɗai ne a cikinsu zai raka ka har alƙalin wasa ya busa tashi, ya kuma yi maka yara a waje, 18-55 ɗinka ya riƙe maka ɗaki kafin ka ƙara 50mm. In bai kai ba, ni da in sa kuɗina duka a 85, gara in haɗa 55-250 STM da 50mm f/1.8, in dage in kwashi hotunana a zagayen farko tun rana tana sama. Mai f/4 na wanda ya tsaya a tsakiya ne, kuma ba zai yi da-na-sani ba.

In kana da wasa ranar Asabar ka yi min magana, in zo maka da 70-200 ɗina da 55-250 ka ɗora su a 700D ɗinka. Ka ɗauki ɗan wasa ɗaya da kowanne da ƙarfe shida saura kwata, mu buɗe su a kwamfuta mu gani.