Gatarin maƙeranmu da gatarin Bature: wanne za a fara yi wa ƙota, kuma da wane itace?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya ce ya tarar da tsofaffin gatura biyu a cikin kayan marigayi kakansa, Allah ya jiƙansa. Ɗaya ƙirar maƙeranmu ne, ɗayan kuma na Bature, mai rami a ƙeya, da rubutun Turanci da lamba 4 a jikinsa. Duk sun yi tsatsa, kuma guntun tsohuwar ƙota ya maƙale a ramin na biyun. An ba shi shawarar ya jefa mai ramin a wuta guntun ya ƙone. Yana tambaya wanne ya fi cancanta a gyara, da wane itace.

Malam, kafin komai: kada ka sa mai ramin nan a wuta. Dalili yana cikin yadda kowannensu yake riƙe ƙotarsa. A gatarinmu ƙarfe ne yake shiga itace. A na Bature itace ne yake shiga ƙarfe. Duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Gatarinmu yana da wutsiya mai tsini a bayansa. Masassaƙi yakan nemo reshe mai ƙulli, inda reshen ya fito daga jikin bishiya ko wajen saiwa, domin a nan jijiyoyin itace suka sarƙe, ba sa tsagewa da sauƙi. Sai ya fere shi da gizago ya bar kan da kauri. Maƙeri ya huda kan da jan ƙarfe, sannan ya gasa wutsiyar gatarin ya cusa ta, hayaƙi na tashi, ta ƙona wa kanta mazauni daidai jikinta. Tunda wutsiyar tana ƙara kauri zuwa wajen baki, kowane sara ƙara tura ta ciki yake yi. Ba ƙusa, ba weji, wato guntun katako ko ƙarfe da ake bugawa a kan ƙota don ya matse ta. Nauyin saran ma wani kasonsa daga wannan ƙullin itacen yake zuwa, shi ya sa ƙaramin ƙarfe yake aikin babba. Ko a nan ɗin wutsiya kaɗai ake gasawa. Maƙerin da ya san aikinsa zai naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ko kuma ya sake ba shi ruwa bayan ya gama, wato ya gasa bakin ya tsoma a ruwa don ya yi tauri.

Na Bature kuwa, lambar 4 ɗin nan galibi nauyinsa ce a laba, wajen kilo 1.8 ke nan. Ka goge wajen rubutun a hankali ka gani. Idan ka ga Elwell ko Brades, ƙirar Ingila ce. Idan Collins ne, kamfanin Amurka ne da aka kafa a 1826. Da yawa daga cikin tsofaffin nan ba ƙarfe ɗaya ba ne: jikin ƙarfe ne mai taushi, aka haɗa masa baki na ƙarfe mai tauri, bakin kaɗai aka ba ruwa. Wannan taurin shi ne darajar gatarin gaba ɗaya, kuma zafin da bai kai digiri 400 ba ya isa ya lalata shi, alhali garwashin murhu ya zarce haka nesa. Gatarin da aka ƙone zai fito da siffarsa ƙalau, amma da ka sari busasshen itace bakinsa zai lanƙwashe. Hanyar cire guntun ita ce a yanke shi da zarto dab da ƙarfen, a huda ramuka uku ko huɗu a cikinsa, a ciro wejin, sannan a buge shi ya fita.

Tsatsa kam maganinsu ɗaya ne: kananzir da burushin waya, sai samfefa. In ta ci jiki sosai, a jiƙa a ruwan khal kwana guda, a ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a busar nan take a shafa mai. A na Bature za ka ga wani layi ya bayyana, wajen baki ya fi sauran jikin duhu. Wannan ne iyakar taurin. In tsakaninsa da kaifin akwai inci ɗaya ko fiye, gatarin yana da sauran shekaru. In wasa ya cinye har ya kusa layin, ka ajiye shi don tunawa da kaka. Ka kuma duba gefen ramin da kyau ko ya tsage ko ya buɗe, domin mutanenmu suna yawan mayar da ƙeyar gatari guduma. Ramin da ya tsage haɗari ne ga duk wanda ke tsaye kusa.

Wajen wasawa, ni magagari da dutse na fi yarda da su. Masu injin wasa na bakin kasuwa suna da sauri, amma in ka ga bakin ya yi shuɗi, to wurin ya riga ya saki. In dole sai inji, ka tsaya a kansa a riƙa tsomawa a ruwa.

Sai itace. Turawa da itacen hikori suke yi a Amurka, Turai kuma da itacen ash, domin suna da tauri kuma suna ɗan tanƙwaruwa su shanye jijjiga. Ba mu da su, kuma ba mu rasa abin da zai tsaya a madadinsu ba. Ga gatarinmu, ƙirya ta yi: nauyi gare ta, gara ba ta cinta da wasa, ita ce ta turmi da taɓarya da gawayin maƙera. Sai dai ta yi wuyar samu, masu gawayi sun ƙarar da manyanta, abin da yake ba ni takaici ƙwarai. Ga na Bature, wanda yake son doguwar ƙota siririya ta inci 30 zuwa 36, na fi zaɓar marke, sai aduwa. Ƙirya a siririyar ƙota tana mayar da dukan a hannu, zuwa la'asar gwiwar hannunka za ta gaya maka. Malaina da gawo ba su shiga wannan lissafi, haka rimi, duk da alfaharin da mu Zazzagawa muke yi da shi. Itacensa ba shi da ƙarfin da zai ɗauki sara.

A nan ne aikin na Bature ya fi cin rai, kuma a nan mafi yawan masassaƙa suke kuskure, domin hannunsu ya saba da ƙotar fartanya. Itacen tsagawa ake yi daga gungume, ba a yanko reshe zagayayye ba, kuma jijiyarsa ta tafi miƙe daga sama har ƙasa, ta yi layi ɗaya da kaifin. Sai a fere kan kaɗan-kaɗan. A sa ƙarfen, a buga gindin ƙotar, a cire; duk inda tsatsa ta bar baƙin tabo, nan ne yake tokarewa, nan za a kankare. A maimaita har ya zauna ba tare da haske na ratsawa ba. Ka riƙe shi ka hango daga sama: kaifin ya kalli tsakiyar gindin ƙotar sosai. Daga nan a tsaga kan da zarto, zurfin kamar kashi biyu cikin uku na ramin, a buga wejin busasshen katako mai tauri, a yanke saura a bar ɗan kaɗan a sama. Kada a yarda a cika ramin da ƙusoshi, tsaga itacen suke yi.

Lokacin aikin ma yana da muhimmanci a garinmu. Ƙotar da aka sa da damina, itace na ɗauke da laima, da hunturu ya busa za ta tsuke, kan ya fara girgiɗi. A sa ta da busasshen itace tsakanin Disamba da Fabrairu, damina in ta zo sai dai ta ƙara matse ta. Jiƙa gatari a bokiti don ya kama kuwa na kwana biyu ne: itacen ya kumbura ya murƙushe kansa a jikin ƙarfe, ya bushe ya fi da sakwarkwacewa. Gatarinmu wannan bai dame shi sosai ba, buga kan ƙotar a ƙasa sau biyu ya isa. Bayan an gama, man kaɗe ko man linsid za a shafa. Fenti yana sa bororo a tafin hannu.

To wanne za ka fara da shi? In aikinka sassabe ne, da sare rassa da ƙananan itatuwa a gona, na maƙeranmu ya fi: ba nauyi, kuma duk ranar da kan ƙotar ya tsage, maƙeri a cikin birni ko Sabon Gari zai sake maka wata kafin azahar. In faskare ne na manyan gungume, na Bature ya fi shi nesa, saboda nauyinsa da kaurin kumatunsa da ke buɗa itace. Ni da zan zaɓa, na kakan na gida zan kai wa maƙeri a makon nan, in sayi marke in jingine a inuwa ya bushe, na Baturen ya jira hunturu. Kafin nan ka turo mana hoton rubutun da na cikin ramin bayan ka goge.