El Paso ko The Gambler: Wace ta fi daɗewa a zuciya?

Cikin waƙoƙin kantiri (salon waƙar karkara) na Amurka masu ba da labari, biyu ne nake yawan komawa gare su.

El Paso ta Marty Robbins ta fito a 1959. Wani makiyayi ne ya kamu da son Feleena, mai rawa a wata mashaya a garin El Paso na Texas. Kishi ya ɗebe shi ya harbe abokin takararsa, ya gudu, amma begenta ya dawo da shi, aka harbe shi, ya cika a hannunta. Abin da ke taɓa ni shi ne, da bakinsa yake ba da labarin har numfashinsa na ƙarshe, ga jita irin ta Meziko tana bin muryarsa a hankali. Tsawonta ya haura minti huɗu, abin da gidajen rediyo ba su saba da shi ba a lokacin, amma ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka a farkon 1960, ta kuma ci kyautar waƙa ta Grammy a 1961.

The Gambler kuwa Don Schlitz ne ya rubuta, Kenny Rogers ya rera a 1978. Wani tsohon ɗan caca ne a jirgin ƙasa cikin dare yake yi wa matafiyi nasiha kan sanin lokacin riƙe karta da lokacin haƙura. Ta haifar da jerin finafinan talabijin tun daga 1980, kuma kaset ɗin Rogers ya zaga Najeriya sosai.

Wajen shahara The Gambler ce gaba, amshinta ma ya zama karin magana. Amma ni El Paso nake zaɓa, don duk lokacin da na saurare ta sai na ga makiyayin a kan dokinsa yana gangarowa daga tudu, ya san mutuwa ke jiransa.