Na ɗauki ɗan jagora a Thanjavur, ga yadda muka kwashe da shi

Jama'a duk wanda zai je kudancin Indiya jinya ko karatu ya samu kwana ɗaya na banza, ga labarin wani kamfanin yawon buɗe ido da na biya suka zaga da ni garin Thanjavur, sunansu kam ba zan faɗa ba don akwai inda suka ɓata min rai. Ni dai yayana na raka Chennai aka yi masa aiki, likita ya ce sai mun ƙara sati biyu kafin ya hau jirgi, zaman otal ya ishe ni har Yaya da kansa ya ce kai tashi ka je ka ga ƙasa, ga matarsa nan tana kula da shi. Na bi jirgin ƙasa, tafiyar wajen kilomita 350 ce.

Tsarinsu mota da direba da ɗan jagora mai jin Turanci, daga safe zuwa yamma. Sun ce ƙarfe bakwai, bakwai ɗin suka zo, wannan na yaba musu. Motar tsaf, esi na aiki, direban ba surutu.

Muka fara da babban haikalin Hindu mai suna Brihadisvara, su can Periya Kovil suke ce masa. Ni ba ibada ta kai ni ba, gini na je gani, kuma tun a mota na faɗa wa ɗan jagoran ba zan shiga can ciki wurin bautarsu ba kuma kar a shafa min komai a goshi, ya ce ba matsala, bai sake tada maganar ba. Shiga kyauta ne, takalmi kawai ake ajiyewa. Wallahi da na ɗaga kai sai da na dafe hulata. Hasumiyar tsayinta wajen mita 66, dutse zalla kan dutse, Sarki Rajaraja na ɗaya na daular Chola ya gina aka gama a 1010, wato lokacin Bagauda na sarautar Kano kenan, ganuwa ma ba a fara ba sai zamanin Gijimasu. Kuma yankin ƙasar noman shinkafa ce ta bakin kogin Kaveri, ba irin wannan dutsen a kusa, daga nesa aka jawo shi. Dutsen da ke can ƙololuwa ana cewa ya kai tan 80, wai tudun ƙasa aka yi mai tsawon kilomitoci aka tura shi da giwaye.

Inda kuɗina ya fita shi ne rubutun jikin bango. Da ni kaɗai ne da na wuce shi in ɗauka ado ne, ashe lissafi ne tsagwaronsa da tsohon Tamil, shi kuma bawan Allah yana iya karantawa. Ya sa yatsa yana bi yana fassara min, ga kyautar da sarki ya bayar, ga ta yayarsa Kundavai, ga sunayen mata 400 masu rawa da aka tattaro daga garuruwa kowacce da gidanta da rabonta, har masu kiɗa da masu gadi da wanzamai an rubuta abin da ake biyansu da shinkafa. Wanda ya fi burge ni, tumaki da shanu ake ba makiyaya su riƙe, su kuma kullum su kawo man shanu na kunna fitilu, dabbar ba ta ƙarewa fitilar ba ta mutuwa. Na ce masa malam ai wannan kiwon amana ne irin wanda muke ba Fulani. Mun fi awa ɗaya a jikin bangon nan ban gaji ba.

Sai dai shi ma yana da nasa ƙarin gishirin, wai inuwar hasumiyar ba ta taɓa ƙasa. Na ce to mu a cikin inuwar me muke tsaye yanzu? Ya yi dariya ya ce ai da tsakar rana ake nufi. To.

Daga nan aka fara ɓata min. Ya ce mu biya mu sha ruwa, ashe shagon sayar da gumakan tagulla da zane mai ruwan zinare ne, mai shago ya kafe ni da ciniki kusan minti arba'in, ni me zan yi da gunki, in kai Kano in ce me? Kowa ya san la'ada suke karɓa. Lokacin da aka ƙona a nan a fadar sarakuna aka cire min shi. Fadar nan sarakunan daular Nayak suka gina ta a ƙarni na 16, na daular Maratha suka karɓe a shekarun 1670, zauren fadancin fenti kala-kala har rufi, ga ɗakin kayan tagulla na zamanin Chola, ga laburaren Saraswathi Mahal da Sarki Serfoji na biyu ya bunƙasa mai dubban littattafai da aka rubuta a ganyen giginya irin tasu, an kankara haruffan da tsinken ƙarfe ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Nan ne nake so in tsaya, shi kuma sai duba agogo yake yana mu je mu je. Fadar kanta ma tana son gyara, wasu bangayen sun yi baƙi ga kashin tattabaru.

Abinci sun kai ni inda ake zuba shinkafa a ganyen ayaba da miyar sambar, ba nama, ana ta ƙara min har na ɗaga hannu. Direban ya kai ni masallaci na yi azahar ba tare da na roƙa sau biyu ba, shi na ba tukuici mai kauri.

Haikalin Gangaikonda Cholapuram da ɗan Rajaraja wato Rajendra ya gina, wajen kilomita 70 daga nan, yana cikin takardar da suka turo min a WhatsApp amma da yamma suka ce lokaci ya ƙure, kuɗi kuma ba su rage ko rupi ɗaya ba. In za ku ɗauke su ku ɗauka don ɗan jagoran, amma ku ce a rubuta ba shago, a fara da haikali da sassafe a wuce fada kai tsaye. Kuma ku saka safa mai kauri a aljihu, dutsen farfajiyar nan daga ƙarfe goma sha ɗaya kamar tanda yake, ni da tsalle-tsalle na fito.