Shirin Miami na raba masu taɓin hankali da kurkuku: inda ya ci, inda ya gaza

Mutum ya daina shan magani, muryoyi suka dawo masa a ka, ya kwana a ƙofar shagon wani har mai shago ya kira 'yan sanda. A yawancin biranen Amurka kurkuku zai kwana. A gundumar Miami-Dade ta jihar Fulorida akwai wata hanya, wato shirin da Alƙali Steven Leifman ya kafa a shekarar 2000.

Ƙofa biyu gare shi. Ta farko tun kafin kamu ce: ana ba 'yan sanda horon sa'a 40, irin wanda birnin Memphis ya fara a 1988, su koyi gane alamun ciwon, su sassauta murya, su ba mutum tazara, sannan su kai shi sashen jinyar gaggawa maimakon caji ofis. Dokar Baker ta jihar ta yarda a riƙe shi har sa'a 72 domin likita ya duba shi.

Ƙofa ta biyu bayan kamu take. Ana tantance waɗanda aka tsare, wanda laifinsa ƙarami ne kuma ciwonsa ya motsa sai a ɗauke shi zuwa asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ya dawo hayyacinsa a tambaye shi ko zai shiga shirin, ba dole. In ya amince, kotu ta riƙa bibiyarsa har wajen shekara guda, in ya cika sharuɗɗa a sassauta tuhumar ko a soke ta. Daga 2008 aka buɗe wa wasu masu manyan laifukan da babu zubar da jini a ciki, amma da yardar mai gabatar da ƙara da wanda aka yi wa laifin.

Abin da ya fi burge mu aikin da ba ya shiga jarida ne. Wanda ya fito daga tsare babu magani a aljihu, babu katin shaida, babu wurin kwana, cikin mako biyu yana iya komawa gidan jiya. Saboda haka ma'aikatan shirin suke cike masa takardun neman tallafin naƙasa na gwamnatin tarayya, wanda da shi ake samun inshorar biyan magani, su nema masa ɗaki, su raka shi ganin likita. Wasu daga cikin masu rakiyar su ma sun yi ciwon, sun ɗanɗana kurkukun, kuma mara lafiyar da ya toshe kunne ga alƙali yakan saurare su.

Shirin ya ce sake kamun masu ƙananan laifuka ya sauko daga wajen kashi 75 cikin ɗari zuwa 20. A karɓi wannan da taka-tsantsan. Tunda shiga ganin dama ce, waɗanda suka amince tun asali sun fi kusa da samun sauƙi. Mai sikizofireniya (taɓin hankali mai tsanani da kan sa mutum jin muryoyi) da bai yarda yana da ciwo ba, kuma rashin yardar alama ce ta ciwon ba taurin kai ba, shi ne yake cewa a'a, ya koma titi.

A nan gazawar take. Wani bincike a gundumar ya bi masu taɓin hankali 97 kacal na tsawon shekara biyar, ya tarar an tsare su kusan sau 2,200, sun yi kwana wajen 27,000 a kurkuku. Irin waɗannan sa'a 72 ba ta ishe su ba, jinyar watanni suke buƙata da maganin shaye-shaye a tare. Dominsu aka gyara wani tsohon asibitin jiha a Miami, mai gado 208, da ɗakin shari'a a cikinsa. An gama ginin, sai ya daɗe a kulle ana ja-in-ja a kan wanda zai biya kuɗin gudanar da shi.