Kyamarar fim ta gwanjo: wacce za ka saya a Zariya?

Samarin da ke zuwa shagona daga Samaru, musamman ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), tambayarsu ɗaya ce: Canon AE-1, Nikon FM2 ko Pentax K1000? Ni da aikin biki da suna nake ci, kuma da dijital nake yinsa, amma fim ne ya koya mini haƙuri, don hoto 36 kawai kake da shi a naɗi guda.

Ka ɗauki K1000. An fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997, shi ya sa ita da gilasanta na gaba (lens) ba su yi wuyar samu ba. Komai nata da hannu ake yi. Batirin LR44 da ke cikinta ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa, ko batirin ya mutu labulen ciki mai barin haske ya kai ga fim zai buɗe ya rufe, daga daƙiƙa 1 har zuwa 1/1000 na daƙiƙa. Wannan gudun ya isa ya tsayar maka da doki a Hawan Daushe. Ka nemi mai rubutun Asahi a goshi, murfinta na ƙarfe ne, waɗanda aka haɗa a Sin daga baya roba aka sa musu. Ma'auninta ba shi da makunni, don haka in ka gama aiki ka rufe gilashi da marfinsa, kar batir ya ƙare a banza.

AE-1 ba ta motsi sai da batirin 4LR44, in ya mutu maka ranar Sallah, ina za ka samo shi. FM2 tana da kyau ƙwarai, kuɗinta ne ya yi wa ɗalibi yawa.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen ciniki. Kada ka biya sai ka buɗe bayan kyamarar ka taɓa soson da ke tare haske. In ya narke yana manne wa yatsa, hotunanka za su fito da jan zane. Ka cire gilashin ka haska shi da tocilan waya. Ƙurar hunturu ana gogewa, amma farin zare-zare a ciki fumfunar damina ce, tana cin gilashi. Mai sayarwa zai ce maka ƙura ce, kada ka yarda.

Fim ma haka. Wani a intanet ya sayar mini da naɗi a matsayin sabo, ashe fim ɗin silima ne aka yanka aka sake naɗewa, mai baƙin shafe a baya wanda ke ɓata ruwan wankin C-41, wato na fim mai launi. Mai wankin ya ƙi karɓa, kuma da gaskiyarsa. Ka sayi Kodak Gold 200 mai launi ko Ilford HP5 na baƙi da fari a kwalinsa a rufe, ka karanta ranar ƙarewa da idonka. Wanda aka shanya a rana cikin zafin Afrilu kuwa, ko kyauta ne ka bar shi. Kafin duk wannan, ka fara samun wanda zai wanke maka, ka ji nawa yake karɓa.